Awa 1,000 da sababbin majinyata 50: jagorar horon asibiti ga ɗalibin ostiyofati a Birtaniya

Ostiyofati sana'a ce ta duba ciwon tsoka da gaɓoɓi da ƙashin baya, a yi maganinsa da hannu da motsa jiki da shawara. Wani likita Ba'amurke, Andrew Taylor Still, shi ya assasa ta a 1874, ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville a 1892. Ɗalibinsa John Martin Littlejohn ya kawo ta Landan, ya kafa British School of Osteopathy a 1917. A Amurka masu digirin DO, wato digirin likitan ostiyofati, sun zama cikakkun likitoci, suna rubuta magani, suna tiyata. A Birtaniya ba haka abin yake ba. Ostiyofat ba ya rubuta magani, ba ya yanka kowa, amma majinyaci yana iya zuwa wurinsa kai tsaye ba tare da takardar wani likita ba. Nan nauyin yake, domin wanda ya shigo da ciwon baya mai yiwuwa ba wanda ya duba shi kafin kai.

Wannan ne ya sa dokar 1993 ta kafa hukumar General Osteopathic Council, wadda ake taƙaitawa GOsC, kuma tun shekarar 2000 laifi ne mutum ya kira kansa ostiyofat ba tare da sunansa yana cikin rajistarta ba. Hanyar rajista ita ce digirin da hukumar ta amince da shi, yawanci shekara 4 ga mai karatu cikakken lokaci. A cikinsa ana sa ran ɗalibi ya yi aƙalla awa 1,000 na aikin asibiti a gaban malami, ya kuma ɗauki nauyin sababbin majinyata kimanin 50 da kansa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 shi ma awa 1,000 ya ambata, cikin jimillar awa 4,200 na karatu.

Ɗalibai sun fi damuwa da awa 1,000. A ganina hamsin ɗin nan ne abin sa wa ido. Awa tana cika ko da a kujera ka zauna kana kallo. Yaron mota yana iya shekara a gefen direba bai san nauyin birki a ƙafarsa ba. Sabon majinyaci kuwa, kai za ka tambaya, kai za ka duba, kai za ka ce ga abin da ke damunsa, kai kuma za ka yanke ko a taɓa shi ko a tura shi wani wuri.

Kafin a ba ka rigar asibiti

Mafi yawan horon a asibitin koyarwa na makarantar ake yinsa, inda jama'ar gari ke zuwa su biya kuɗi kaɗan saboda ɗalibai ne ke duba su. Tsohuwar makarantar Littlejohn, wadda ta koma University College of Osteopathy a 2017 sannan ta shiga Health Sciences University a 2024, tana da irin wannan asibiti a Southwark da ke Landan. Jami'ar Swansea ma tana da nata.

Takardu biyu za su riga ka shiga: binciken DBS, wanda ke nuna ko kana da tarihin laifi, da tantancewar lafiyarka. In ka zo daga ƙasar waje, ana iya neman takardar shaidar 'yan sanda daga ƙasarku, kuma ta fi saurin samuwa tun kana gida. Sai kayan aiki: abin sauraron ƙirji, na'urar awon hawan jini, 'yar gudumar gwajin jijiya, ƙaramar tocila da tef na awo. Farce a yanke, agogo a cire, hannu a buɗe zuwa gwiwar hannu saboda wanki.

Akwai maganar da gara a yi ta tun kafin ka biya kuɗin makaranta. A ajin koyon dabarun hannu, ɗalibai a jikin juna suke koyo, maza da mata, da gajeren wando da 'yar riga. A asibiti kuma ba kai ke zaɓen wanda zai shigo maka ba. In kana da iyaka ta addini ko ta tarbiyya a kan wannan, ko ke 'yar'uwa kina son sanin yadda za a yi da hijabi da dogon hannu, a rubuta wa makarantar a tambaye ta ƙarara, a ajiye amsar. Haka batun Juma'a: jadawalin asibiti ba ya tsayawa don hutun zango, ɗalibai sukan yi makonni suna aiki lokacin da sauran jami'a ta watse, don haka musayar rana da wuri ake nemanta, ba ranar Alhamis da yamma ba.

Ka samo littafin ƙa'idojin sana'ar, Osteopathic Practice Standards, wanda sabon bugunsa ya fara aiki a 1 ga Satumba 2019. Sashe huɗu gare shi: sadarwa da haɗa kai da majinyaci, ilimi da ƙwarewa, kiyaye lafiya da ingancin aiki, sai ɗa'ar sana'a. Da shi malamai za su auna ka tun ranar farko.

Lokacin kallo

Shekarar farko da wani ɓangare na ta biyu, zama za ka yi a kusurwa kana kallon manyan ɗalibai. Kada ka ɓata shi wajen kallon hannu kawai. Riƙe takarda, duk tambayar da aka yi ka rubuta dalilin da kake jin an yi ta. Kafin babban ɗalibi ya faɗi nasa hasashen, rubuta naka guda uku a ɓoye, ka gwada da abin da malami zai ce. Bakinka kuma a rufe a gaban majinyaci sai an tambaye ka. Abin da ya ɗaure maka kai ka ajiye shi sai an fita.

Sabon majinyaci

Yawanci daga shekara ta uku za a fara rubuta sunanka a gefen na majinyaci. Ganin farko a asibitin koyarwa yakan kai kusan awa ɗaya da rabi, komowa kuma wajen minti 40.

Fara da faɗin sunanka da matsayinka: ɗalibi ne kai, ga sunan malamin da ke kula da aikin, ga waɗannan 'yan kallo, in bai yarda da su ba za su fita. Gaya masa tun yanzu cewa za ka riƙa fita kana tattaunawa da malami, don kada ya zaci wani mugun abu ka gano.

Sai tarihin ciwo, kuma nan ne rabin aikin. Bar shi ya yi magana tukuna. Ɗalibi mai fargaba yakan katse mutum tun jimla ta biyu don ya cike gurbin fom. Bayan ya gama nasa, ka bi a hankali: ina ne daidai, ya nuna da yatsa, yaushe ya fara, me yake yi a lokacin, zafi ne ko suka ko tsami ko kamar wutar lantarki, yana sauka ƙafa ko hannu, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, yaya yake da asuba, yaya da dare. Sannan aikinsa, barcinsa, abin da ciwon ya hana shi, da abin da shi kansa yake tsoron ciwon ne. Wannan ta ƙarshen tana buɗe abubuwa da yawa. Wanda mahaifinsa ya rasu da ciwon daji da ya fara da ciwon baya ba tausa kaɗai ya zo nema ba.

Daga nan ka shiga tambayoyin da ke raba ciwon da za ka iya taɓawa da wanda ba naka ba ne. Kowane mai ciwon baya, ba sani ba sabo, sai an tambaye shi fitsari da bayan gida. Yana jin fitsari idan ya taru? Yana fita yadda ya saba ko sai ya yi yunƙuri? Yana zubo masa bai sani ba? Tsakanin cinyoyi da mazaunai ya sage, har ba ya jin taɓawa in yana tsarki? Ciwon yana sauka ƙafafu biyu? Ƙarfin saduwa ya canza kwanan nan? Waɗannan alamu ne na matsewar tarin jijiyoyin da ke ƙasan laka. Mai su ba gadon tausa yake buƙata ba, sashen gaggawa zai tafi a ranar don a ɗauki hoton MRI, domin jinkiri yana iya barinsa da lalurar da ba ta warkewa. Wanda ya tashi inda ba a yi wa babba irin wannan tambaya zai ji nauyin baki. Maganinsa a gwada jimlolin da ƙarfi tare da abokin karatu har su daina nauyi, a kuma share fage da cewa tambayoyi ne da ake yi wa kowa, ga dalilinsu.

Sauran alamun haɗari: an taɓa samunsa da ciwon daji, musamman na mama, na prostate (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), na huhu ko na ƙoda, waɗanda sukan bazu zuwa ƙashi, rama ba dalili, ciwon dare da ba ya lafawa ko ya juya ta wane gefe, zazzaɓi da gumin dare, faɗuwa ga tsoho ko ga wanda ya daɗe yana shan maganin sitiroyid. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, sikila kuma tana kawo ciwon ƙashi har ta kashe kan ƙashin cinya; ɗalibin da ya girma yana ganin waɗannan cututtuka biyu ya riga abokansa wani mataki, kuma a Landan zai haɗu da su. Ga mai ciwon wuya ka tambayi jiri, gani biyu-biyu, sarƙewar harshe, wahalar haɗiya, faɗuwa ba zato, da sabon ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba. Kada ka manta jerin magungunansa, musamman masu tsinka jini irin warfarin.

Fita wajen malami

Kafin ka sa hannu a jikin kowa, za ka fita ka gabatar. Minti biyu zuwa uku gare ka. Shekaru da sana'a, abin da ya kawo shi, abin da ka ji mai muhimmanci, abin da ka tambaya ba ka samu ba, sannan hasashenka a jere: wanda ya fi yiwuwa, wanda ke biye, da wanda ko da yiwuwarsa kaɗan ce ba za ka yarda ya wuce ka ba. Ga kowanne ka faɗi gwajin da zai ƙarfafa shi ko ya rushe shi.

Malami zai tambaye ka abin da ba ka tambaya ba. Ka ce ban tambaya ba, bari in koma. Kada ka kuskura ka ce "babu" a kan abin da ba ka bincika ba. Mantuwa kuskuren ɗalibi ce, ana gyara ta a tsaye. Ƙirƙirar amsa kuwa batun amana ne, kuma yana iya kai mutum gaban kwamitin da ke duba cancantar ɗalibi ya ci gaba da karatun. Sunan malamin ne a rajista, inshorar makaranta ce ke rufe ɗakin, bisa abin da ka faɗa masa yake sa hannu.

Malamai ba bakinsu ɗaya ba, wannan kuwa yana rikita ɗalibai ƙwarai. Na Litinin zai ce matsalar daga ƙugu take, na Laraba ya ce daga tafin ƙafa. Kada ka zama mai sauya ra'ayi da sauyin malami. Tambayi kowanne abin da ya gani ya kai shi can, ka riƙe tsarin da aka fara da majinyacin sai in an sami dalilin canzawa, a rubuta dalilin. Ka sani kuma ba duk abin da ake koyarwa ke da hujja iri ɗaya ba. Jagorar 2016 kan ciwon ƙasan baya ta NICE, hukumar da ke fitar da ƙa'idojin magani a Ingila, ta yarda da maganin hannu ne kawai in an haɗa shi da motsa jiki. Dabarun taɓa ƙoƙon kai da William Garner Sutherland ya ƙirƙiro suna da masoya a cikin sana'ar, amma hujjarsu ta bincike mai rauni ce. Ɗalibi yana da damar tambayar wannan cikin ladabi.

Dubawa, izini da taɓawa

Bayyana wa majinyaci abin da za a cire na tufafi da dalili, ka ba da riga ko tawul na rufewa, ka fita ko ka ja labule. Gaya masa yana da damar neman wani ya zauna a ɗakin a matsayin shaida. Duba tsayuwa da tafiya, ka sa ya motsa da kansa, sannan kai ka motsa gaɓar, sannan ka lalubo da yatsu. In ciwo yana sauka ƙafa, gwajin jijiya dole ne: bugun gwiwa yana nuna L3 da L4 (lambobin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya), ɗaga babban yatsan ƙafa L5, bugun agara S1, sai gwajin ji a fata da ɗaga ƙafa a miƙe yana kwance. Auna hawan jini in tarihin ya nuna buƙata. Daga nan ka sake fita wajen malami, shi kuma zai shigo ya gaisa da majinyacin, sau da yawa ya sake gwada abin da ka ce ka samu.

Izini ba sa hannu a takarda ba ne kawai. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya a shari'ar Montgomery a 2015, ma'aunin shi ne a gaya wa majinyaci duk haɗarin da mutum irinsa zai so ya sani kafin ya yanke shawara, da sauran hanyoyin da yake da su, har da barin abin ba magani. Ka faɗa masa da yawa sukan ji tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu. In za a yi dabarar nan ta tura gaɓa da sauri har ta yi ƙara, musamman a wuya, sai an faɗi haɗarin da ba kasafai yake faruwa ba amma mai tsanani ne, wato rauni ga jijiyar jini da ke iya kai ga shanyewar jiki. In ya ce a'a, akwai tausar tsoka, akwai juya gaɓa a hankali, akwai dabarar da yake turawa kana tarewa. Ana sake neman izini a kowane zuwa, yana kuma iya janye shi kana tsakar aiki. Irin wannan dabara mai sauri ba ka yinta sai an tantance ka a kanta a aji, malami ya amince, yana tsaye.

Kula da harshenka a nan. Kada ka ce wa mutum ƙashinsa ya goce ka mayar. Mai ciwon baya na yau da kullum ba abin da ya goce masa, ƙarar da ake ji kuma iska ce a ruwan gaɓa. Karaya da gocewar gaɓa na gaske, aikin da aka san maɗori da shi a gida, a Birtaniya na sashen ƙashi na asibiti ne, kai turawa za ka yi. Wanda aka gaya wa bayansa a goce yake zai fita yana tsoron sunkuyawa, tsoron kuma shi ke tsawaita ciwon. Ba shi motsa jiki biyu ko uku, ya gwada a gabanka, ku tsayar da ranar da za a sake auna ko ana samun sauƙi. In an yi zuwa uku ko huɗu ba canji, koma wa tarihin daga farko tare da malami, ka shirya rubuta wasiƙa ga GP ɗinsa, wato likitan unguwa da yake rajista da shi, da izininsa.

Rubutu

A ranar ake rubutawa, kafin a tashi. Abin da ka tambaya ba ka samu ba shi ma a rubuta, haka abin da aka faɗa wajen neman izini, da dabarar da aka yi da gaɓar da aka yi wa, da sa hannun malami. Fayil ɗin zai zauna aƙalla shekara 8 bayan zuwan ƙarshe, na yaro kuma har ya cika 25, don haka ka rubuta yadda baƙo zai karanta ya gane. Labarin majinyaci ba ya shiga WhatsApp, ko da an cire suna. In wani abu ya ɓaci a hannunka, malami ne farkon wanda zai ji, majinyacin kuma a gaya masa gaskiya.

Wata jarrabawar a waje take. Da zarar an ji abin da kake karantawa, wani dattijo zai tare ka bayan sallah ya ce likita, zo ka ɗan taɓa mini wuyan nan. Ba ka da inshora a wajen asibitin, ba ka da malami, ba ka san magungunan da yake sha ba. Ka ce, Baba, makaranta ba ta ba ni dama ba tukuna, amma ga lambar asibitinmu, kuɗin kaɗan ne, ni ma ina iya duba ka a can.

Ƙidaya da jarrabawar ƙarshe

Riƙe naka lissafin ban da na ofis: awanni, sababbin majinyata, shekarunsu, da irin ciwon, ba tare da suna ba. Kowane ƙarshen zango ka duba giɓi. In duk masu ciwon baya ne 'yan shekara talatin, nemi a sa ka asibitin tsofaffi, na masu juna biyu, na yara ko na 'yan wasa, in makarantar tana da su. Ranakun hutu da kowa ke gudu su suka fi kawo sababbin majinyata ga wanda ya tsaya. Bayan kowane zama nemi malami ya faɗa maka abu ɗaya takamaimai da za ka gyara; "ka yi ƙoƙari" ba ta koya wa kowa komai.

Tsarin jarrabawar ƙarshe ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma yawanci majinyata na gaske za ka duba, sabo da mai komowa, masu jarrabawa suna kallo suna yi maka tambayoyi. Ba gwanintar hannu ce ke kayar da mutane ba. Abin da ke kayarwa shi ne tsallake alamar haɗari, ko yin magani ba izini, ko nacewa kan hasashen da gwajinka ya riga ya rushe. Wanda ya ce wannan ba zan taɓa shi yau ba, ga dalili, ga inda zan tura shi, yana iya cin jarrabawar ba tare da ya yi tausa ko ɗaya ba.

Kafin ka bar asibitin, rubuta wa kowane majinyacinka taƙaitaccen bayani don ɗalibin da zai gaje ka, ka kuma sanar da majinyacin tun da sauran zuwa biyu. Sannan ka nemi rajistar GOsC da shaidar digiri, shaidar lafiya, shaidar hali, sabon binciken DBS da inshorar aƙalla fam miliyan 5. Tsakanin fitowar sakamako da bayyanar sunanka a rajista ba ka da ikon kiran kanka ostiyofat, ko da an riga an ba ka aiki. Bayan rajista akwai awa 90 na ƙarin ilimi a kowace shekara 3. Mai niyyar komawa Najeriya da sana'ar kuma ya sani rajistar Birtaniya ba ta aiki a can. Hukumar Medical Rehabilitation Therapists Board (MRTB), wadda ke yi wa masu gashin ƙashi rajista a Najeriya, ita zai tuntuɓa, kuma gara ya karɓi cikakken bayanin awanninsa na asibiti da hatimin makaranta tun yana Birtaniya.